Kwalbar Maiwada

"Zuba mini naka, Ya'u, ka rufa mini asiri."

Maiwada ne ya zuro hannu ta kan danga da 'yar kwalba, hannun yana rawa. Ya'u ya tsaya yana kallonsa. Tun suna yara gidajensu da gonakinsu ke haɗe a Hunkuyi, bai taɓa jin Maiwada ya roƙi ko gishiri ba. Yau ga shi yana roƙon fitsari.

Ƙwaya ce ta ja. Ana samun mulkin kai direbobin lori suka shigo da ita, 'yar fara mai hana barci da gajiya. Maiwada ya fara haɗiya don huɗa, ya wayi gari ko garma ba ya iya ɗagawa sai da ita. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Makarfi, aka kwashe shi zuwa ɗakin shan magani. A nan wani likita daga Zariya ke gwajin sabuwar na'ura, akwati mai waya biyu. A tsoma wayoyin cikin fitsari, in da ƙwaya a jiki allurar akwatin ta motsa. Wanda tasa ta motsa sai a kwantar da shi asibiti har ya rabu da abin. Aka ce Maiwada ya riƙa kawo nasa kowace ranar kasuwa.

To, wa ke karɓar kwalabe yana tsoma waya? Uwaisu, mijin Sakinatu, 'yar Maiwada ta fari.

"Yaron da ko kwano ba ma haɗawa," in ji Maiwada, "shi zai riƙe fitsarina, ya ga abin da nake sha? Gara ƙasa ta rufe ni."

"Ka dai daina?"

"Ina ragewa."

Ƙarya ce tsagwaronta, Ya'u kuwa ya sani. Amma maƙwabci ya ce ka rufa masa asiri, ka ce me? Ya karɓi kwalbar ya zaga bayan gida.

Haka suka ci damina. Allura ba ta ko girgiza ba, likita ya yi murna, ya sallami Maiwada. Ya'u kuwa yana ganin mutumin yana ƙarewa, wuya ya zama kamar kara, ido jawur, yana noma har rana ta faɗi yana surutu shi kaɗai. Tsoro ya kama shi, amma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Lokacin yankan dawa aka tsinci Maiwada kife a gona, lauje a hannunsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu a ƙofar gida, Uwaisu ya matso ya durƙusa gaban Ya'u.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Na san fitsarin ba nasa ba ne, Baba. Mutum hannunsa na rawa haka, allura ta ƙi motsi? Tun kwalbar farko na gane."

"Ka gane? Me ya hana ka gaya wa likita?"

"Da wane baki zan ƙaryata surukina?"

Ya'u ya gusa gefe, ya bar wa Uwaisu wuri a tabarma. Daga cikin gida Sakinatu ta aiko musu da gumba a faifai. Aka ajiye tsakaninsu, ba wanda ya miƙa hannu.