Rabin Ƙwaya

Ni ce mai sayar da tikiti a tashar motocin gwamnati, taga ta uku, wadda gilashinta ya tsage. In ka taɓa zuwa ka tarar da wata mata ta haɗe rai kamar ba ta taɓa dariya ba, to ni ce. Babana ma Barkono yake kirana tun ina ƙarama, kuma ban taɓa musa masa ba.

Aikin ba shi da wuya. Matasa su miƙo kuɗi, tsofaffi su miƙo kati. Wani shuɗin kati ne da gwamnati ke ba duk wanda ya yi ritaya. Da shi ake hawa mota kyauta, a ga likita kyauta, a karɓi magani kyauta. Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya a wannan taga, har yau sunana ma'aikaciyar wucin gadi. Duk wata sai an yanki albashina an ce na fansho ne, alhali takardar aikina ta faɗa ƙarara cewa ni ba ni da fansho. Kullum sai in buga wa tsofaffi hatimi ina cewa "a sauka lafiya, Baba," alhali haushinsu nake ji.

A gida ma akwai mai shuɗin kati. Babana shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya yana ware wasiƙu, shi ya sa komai nasa a jere yake, hatta cokula. Tun da mahaifiyata ta rasu, mu biyu ne a ɗaki biyu da ɗan kicin. Yana da hawan jini, kuma bara aka ce ni ma na gada. Abin haushi, ƙwaya iri ɗaya aka rubuta mana, fara, mai tsagi a tsakiya. Tasa yana karɓowa ne da kati. Tawa kuwa sai na zaɓa, ko ita ko cefanen mako guda. Wani watan in saya, wani watan in ce wa kaina ciwon kai ne kawai.

Wata safiya muna shan shayi, kaina kamar zai tsage, na ga ya jefa tasa a baki hankali kwance. Sai bakina ya suɓuce.

"Ku dai kun more, Baba. Komai an ba ku. Mu kuwa sai dai mu yi ta biya muna kallo."

Ya ajiye kofi a hankali. "Mu ma an yanki namu, Barkono. Na waɗanda suka gabace mu muka biya, ba mu yi ƙorafi ba."

"Ai kun biya kun samu! Mu da muke biya, wa zai biya mana? Ko sai mun kai shekarunku za a san muna ciwo? To in mun kai ke nan."

Ya goge bakin kofinsa da yatsa, ya miƙe ya wanke.

Bayan mako guda ya dawo daga asibiti da fara'arsa. Ya ce likita ta ce jininsa ya daidaita, daga yau rabin ƙwaya zai riƙa sha. Ya ɗauko reza sabuwa da ɗan faranti, ya sa tabarau, ya ɗora bakin rezar daidai kan tsagin, ƙas! Ƙwaya ta rabu biyu cif, ko gari bai zube ba. Ya samo murafen kwalba guda biyu, ya sa rabi a nan, rabi a can. Ɗaya gefen kofinsa, ɗaya gefen nawa.

"Maimakon a zubar," in ji shi.

Kun san abin da na ce? Ba godiya na yi ba. Cewa na yi, "Ka gani ko! Har ya yi muku yawa." Wallahi haka na ce, na kuma haɗiye.

Wata bakwai muna haka. Kowace safiya ƙas, murfi biyu. Ciwon kaina ya ragu, na daina ganin duhu-duhu in na miƙe daga kujerar aiki. Shi kuwa ya fara zama a tsakiyar matakala yana hutawa, ya ce gwiwa ce. Yana yawan dafe ƙeya, ya ce matashin kai ne ya yi tauri. Ban tambaye shi takardar likita ba. Gaskiya in faɗa, ba na son in gani.

Ranar da abin ya faru, na riga na sa takalmi. Na ji faranti ya faɗi a kicin. Ina leƙawa na gan shi jingine da bango, rezar a ƙasa, hannunsa na dama yana lilo, bakinsa ya karkace. Yana so ya ce Barkono, kalmar ta ƙi fita.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya taƙaita. Kashegari likitarsa ta zo gefen gadon da fayil a hannu. Mace ce da ba za ta girme ni ba, idanunta duk gajiya.

"Ke ce 'yarsa? Baba ya ba ni mamaki," in ji ta. "Zuwa uku ke nan jininsa sai hawa yake. Kuma duk zuwa sai ya tambaye ni yaushe zan ƙara masa magani, har da murnarsa. Ban taɓa ganin mai roƙon ƙari irinsa ba. Tunda ƙwaya guda ba ta riƙe shi, zan ninka, in haɗa masa da wani mai ƙarfi."

"Guda?" na ce. "Ba rabi kika ce ba?"

"Rabi kuma? Ban taɓa ce masa rabi ba."

A take na gane lissafin tsohon nan. Rabi yake sha da gangan, yana jiran jinin ya hau, likita ta ƙara zuwa biyu, kowannenmu ya samu guda cikakkiya. Ya ware abin ne a kansa kamar wasiƙu, wannan nata, wannan nawa. Bai sa jikinsa a cikin lissafin ba.

A bangon ɗakin, daidai saitin idona, akwai takardar da na sha gani: duk wanda ya ba wani maganin kati, za a karɓe katinsa. Katin da ke biyan gadon da yake kwance a kai. In na yi shiru, za ta ɗura masa maganin da ya fi ƙarfinsa, don tana zaton guda ta kasa. In na yi magana, kati na iya tafiya. Na dubi Baba. Da ƙyar ya girgiza min kai, idonsa yana roƙona.

"Likita," na ce, "rabi yake sha. Ɗaya rabin ni nake sha. Wata bakwai."

Ta dube ni, ta dubi takardar bangon, ta sake dubana.

"Ke ma kina da hawan jinin?"

"Ina da shi."

"Ni ma," in ji ta. "Kuma ni ma saya nake yi." Ta yi rubutu, ta karanta min a fili: "Mara lafiya ba ya shan magani yadda aka tsara. Iyakar abin da na ji ke nan. Amma ki saurare ni, 'yar'uwa. In ya sake, ba kati za ki rasa ba."

Mako biyu aka sallame mu. Hannun dama bai dawo ba, magana kuwa sai a hankali. Abu na farko da na yi shi ne jefa rezar a shara. Kowace safiya ni nake sa masa ƙwayar a baki, guda cur, in miƙa ruwa, in tsaya a kansa kamar ɗan sanda.

Na koma taga ta uku. Har yanzu ina jin haushi, kar wani ya yi zaton na huce. Ba daidai ba ne, kuma zan faɗa a gaban kowa. Sai dai yanzu in tsoho ya miƙo shuɗin kati, na rasa inda zan sauke haushin. Sai in kama kaina ina duban wanda ke tsaye a bayansa, ina tunanin ko mutum nawa ne suke shan wannan katin.

Wannan watan kuɗin tasin kai shi asibiti a gasa masa hannu ya cinye na maganina. Ban faɗa masa ba. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana lura da wasiƙar da ba ta da kan sarki, ai ba za ka ɓoye masa kwalin da babu komai a ciki ba.

Yau da safe na ba shi ƙwayarsa, ya kurɓi ruwa, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na shiga ɗaki ɗaukar jaka. Da na fito, yana zaune yana kallon taga, kamar ba shi ba. Murfin kwalbar nan da na zaci na zubar yana gefen kofina.

Rabin ƙwaya ne a ciki, a jiƙe, bakinta a karkace. Da haƙori ya raba ta.