Durwa Ta Daina Cin Burodi

Ilu mafarauci ne a Ƙofar Dawanau, yana da wata jar karya da yake kira Durwa. Uwarta ma tasa ce, ta yi ta ramewa har ta mutu ba a gano ciwonta ba. Shi ya sa hankalinsa ya tashi da ya ga Durwa ta kama hanyar uwarta: zawo ba ya tsayawa, gashi na zuba, haƙarƙari duk a waje. Kuma ba yunwa ba ce, don maƙwabcinsa Muttaka mai gidan burodi kullum sai ya aiko da wanda ya kwana.

Masu adaidaita suka ƙi ɗaukar kare, sai Ilu ya sa ta a baro ya tura har asibitin dabbobi. Likitar, Dakta Sa'ida, ta duba ta sosai.

"Malam Ilu, me take ci?"

"Burodi, Likita. Da taliya in an rage."

"Uwarta fa?"

"Shi ta ci har ta mutu."

Likita ta jinjina kai. "Abin da nake zargi ke nan. Akwai wani sinadari a alkama, shi ke sa kwaɓi ya yi danƙo. Wasu karnukan ba sa jure shi, kuma gadonsa ake yi. Yana lalata hanji, sai abinci ya wuce bai amfani jiki ba, jini ya ragu. Raba ta da alkama mu gani. Ka ba ta tuwon dawa, shinkafa da ɗan nama."

Da Muttaka ya ji labari, ya riƙe baki. "Ashe da alheri nake kashe maka ita."

"Ni ma da hannuna nake miƙa mata," in ji Ilu.

Matarsa Bahijja ta ƙara gari a tukunya, tana tsokanarsa wai ta samu sarauniya a gida. Sannu a hankali zawon ya tsaya, gashi ya tofo yana sheƙi. Wata safiya Durwa ta yi haushin da ya watsa kajin layin gaba ɗaya.

Da rani ya shigo, Ilu ya fita da ita daji tare da abokansa. Zomo ya tashi daga gindin sabara, kafin sauran karnuka su ankara Durwa ta yi nisa. Ilu ya bi ta a guje, ƙafarsa ta sarƙe da saiwa, ya faɗi. Yana zaune a ƙasa yana dariya har da hawaye ta dawo da zomon a baki, ta ajiye a gabansa.