Kiran Illa a Cikin Ƙorama

Duk wanda ya san ƙwallo a Adar ya san Lurwanu Dogo na Tamaske, mai tsaron baya, wanda ya ci zamaninsa a filayen Yamai har wata ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, ta Abijan ta ɗauke shi. Kai, Lurwanu bala'i ne! Ba gudu gare shi ba, ba ado, amma in ya tsaya maka a gaba sai ka nemi wata hanya. Sai dai shi da bakinsa yakan ce rabin aikin na Illa ne.

Illa mutumin Deule ne, gajere, mai murya kamar an kwaɗa tasa. Tare suka tsare baya duk inda suka je, Lurwanu a gaba kaɗan, Illa a bayansa yana ganin kowa. Dabararsu guda ce. Da abokan karawa sun shirya zuro ƙwallo sai Illa ya ƙwala, "Sorte!", wato ku fita. Nan take ƴan baya su ruga gaba a jere, su bar ɗan gaban waɗancan shi kaɗai, alƙali ya busa satar gida. Wanda ya ji kira ba ya waiwaye, don waiwayen mutum ɗaya ya isa ya ɓata layin. Shi kuma mai kira shi ne na ƙarshen fita. In Lurwanu ya yi nawa, sai ya ji tafin Illa a tsakanin kafaɗunsa yana ingiza shi.

Gwiwa ce ta dawo da Lurwanu gida. Illa kuwa da ƙwallo ta ƙare masa sai ya kama hanyar Libiya, motarsu ta mutu a tsakiyar sahara, ƙishirwa ta gama da su. Ko gawarsa ba a gani ba. Matarsa Mairamu, ƴar Tamaske ce, ta yi takaba ba ta san inda kabarin mijinta yake ba. Daga baya ta koma sayar da ruwan tsamiya a inda samari ke wasa.

Lurwanu ya zama antirenar, mai horar da samarin gari. A Abijan ya ga ana horar da ƴan wasa cikin rairayin bakin teku don ƙafa ta yi ƙarfi, to shi ma sai ya kwashe yaransa ya kai su busasshiyar ƙorama a bayan gari. Raga a gindin gaɓa mai tsayi wadda ko akuya ba ta hawa, ɗaya gaɓar kuwa gangare ce, nan Mairamu ke zama. Ya ƙara musu da doka tasa: in an yi kira, a yi ta gudu gaba har sai an ji usur.

Da damina ta faɗi dattawa suka ce ya fitar da yaran mutane daga ƙorama. Lurwanu mai taurin kan tsiya! Ya ce gasar hutu ta Madawa ta matso, kuma shi ma yana da idon duban hadari.

Cikin ƴan bayansa har da ɗansa Nazir. Ƙafar uban gare shi, kan ma na uban, aibinsa ɗaya: da an yi kira sai ya waiwaya ya ga wanda ya yi. Uban ya yi faɗa har ya gaji.

Wata la'asar Lurwanu yana tsaye bayan layi, usur a baki, sai aka ce, "Sorte!"

Yara suka ruga. Shi kuwa ya sandare, domin bakinsa a rufe yake, kuma tsakaninsa da gaɓa babu kowa sai raga da yaron da ke tsaronta. Muryar nan ko a kasuwar Tamaske ya ji ta zai gane ta, ta Illa ce. Can a kan gangare moɗa ta suɓuce daga hannun Mairamu.

Da aka tashi Nazir ya matso. "Baba, wa ya yi kiran ga? Na ga usur ga bakinka."

"Ni na yi. Wa kake zato? Mi ka gani?"

"Ban ga kowa ba. Sai dai wani abu awa inuwa, gindin gaɓa."

Tsigar jikin Lurwanu ta tashi. Tun yana yaro ya ji tsofaffi na cewa in wanda ya riga mu ya kira, aka juya aka haɗa ido da shi, to an bi shi ke nan. Ya yi sadaka, ya sa malam ya yi wa Illa addu'a, bai gaya wa kowa dalili ba. Ya ce a ransa inda aka yi sadaka magana ta ƙare, ya koma ƙorama da yaransa.

Ina! Kiran bai daina ba. Kullum sai an yi, kuma kullum muryar tana ƙara matsowa kusa da ƙeyarsa. Sauran yara sun ɗauka Lurwanu ne ke yi. Nazir kaɗai ke juyawa, ranar nan ya ce inuwar ta miƙe tsaye, wata rana ya ce gajere ne. Tsoro ya kama Lurwanu sosai, tsoron kada ɗansa ya ga fuskar. Ya shaƙi wuyan rigar yaron a gaban kowa.

"In ka sake waiwayawa, wallahi ba ni ba kai!"

Ya yanke a ransa ranar Alhamis ce ta ƙarshe, daga ita sun koma filin lakwal, wato makarantar gari. Ranar sama fes take a kan Tamaske, sai wani ɗan duhu can nesa kan duwatsun wajen Keita. Iska ta tsaya cak. Tsuntsayen da ke damun mutane a bishiyoyin gaɓa duk sun yi tsit, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa alhali rairayi na ƙona ƙafa.

Ƙwallo ma ba ta kusa da baya aka yi kiran, a daidai kunnen Lurwanu, da ƙarfin da bai taɓa ji ba.

"SORTE!"

Ƴan baya suka ruga, suka kwashi na gaba. Lurwanu ya ga wuyan Nazir ya fara karkatowa. Ya tofar da usur ya kurma ihu, "Kak ka waiwaya! Tahi!" Yaron ya daidaita kansa. Tunda ba a busa ba, ba wanda ya tsaya, har mai tsaron raga ya wuce Lurwanu a guje, suka haye gangare gaba ɗaya.

Sannan ya ji rugugin. Ruwan da aka yi kan duwatsu ne ya karyo kwanar ƙorama, ja wur, ya fi mutum tsayi, yana juya itatuwa da mushen akuya. Lurwanu ya ɗingisa, gwiwa ta ƙi, rairayi na riƙe shi. Ya yi salati ya sallama. Sai ya ji tafin hannu a tsakanin kafaɗunsa, busasshe, mai zafi kamar ƙasar da rana ta gasa. Aka ingiza shi, aka sake ingizawa. Ruwa ya kai masa ƙugu lokacin da Nazir da wasu biyu suka fizge shi sama.

Ya kwanta yana haki, ya ƙidaya yaransa da ido. Duk suna nan. Nazir na kuka yana cewa, "Ban duba ba, Baba, wallahi ban duba ba."

Mairamu ta ratso samarin ta durƙusa kusa da shi. Ba shi take kallo ba, ruwan take kallo.

"Lurwanu," ta ce a hankali, "shi hwa? Ya hito?"

Sai a lokacin Lurwanu ya juya. Ruwa ya cika ƙorama gaɓa zuwa gaɓa, ragar ma ta tafi.

"Ban sani ba, Mairamu," ya ce, hawaye na zubo masa. "Shi ka hita na ƙarshe. Ban taɓa dubawa ba."