Akuyar Da Ba Ta Yi Kuka Ba

Tun kafin Hudu ya kai bakin kasuwar Dutsin-Ma aka fara yi masa kukan akuya. Mahauta ne suka fara daga rumfarsu. Ɗaya ya ce "meee", sauran suka amsa. Wata mai ƙosai da ta hango shi ta yi maza ta jawo ɗan akuyarta ta ɗaure a ƙafar kujera.

Jiya bayan sallar isha'i motar majigi ta kafa farin ƙyalle a fili, gari duk ya fito kallo. Ana cikin haka sai ga wani mutum a jikin ƙyallen ya haura katanga, ya kwance wata jar akuya, ya saɓa ta a kafaɗa, ya juyo. Fuskar Hudu ce, har da tsagen kumatunsa. Kafin a ga yadda aka ƙare, hadari ya taso, iska ta naɗe ƙyallen, kowa ya watse.

Shi dai Hudu bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Bara waccan da ya je cin rani Kaduna yana sayar da ruwa, wani Bature da masu ɗaukar majigi suka tsayar da shi, suka ce wasa za a yi don a koya wa mutane killace dabbobi. Ya haura katanga, aka ba shi riga sabuwa, ya koma bakin tulunansa. Bai taɓa zaton abin zai biyo shi har gida ba.

Ya faɗa rumfar abokinsa Rabo tela don ya ɓuya, ashe can ma an cika. Ba wanda ya lura da shigowarsa, gardama ta yi zafi.

"Ni dai na ce kama shi za a yi," in ji wani dillalin hatsi. "Ba ku ga ɗan doka ya gilma ta bayan rumbu ba?"

"Wane kamu? Mutumin da ke yawo cikin gari da ƙafafunsa? Da an kama shi ai da yana gidan yari."

"Akuyar ma na gane ta," in ji wani tsoho mai sayar da igiya. "Ta Gogo Ma'u ce ta Kutawa, wadda ta ɓace da kaka."

"To mi ya kai akuyar Kutawa Kaduna?"

"Jirgin ƙasa mana! Wanda ya iya haura katanga, jirgi ne zai gagare shi?"

"Ku bar wannan," dillalin ya ce. "Ni wanda ya ɗauki hoton nake zargi. Yana tsaye ana sata bai yi ihu ba. Bakinsu ɗaya, shi ne mai tsaron hanya."

Hudu kaɗai ya san ƙarshen da suke ta cacar baki a kai: kama ɓarawon ake yi, a tuɓe masa riga, a zane shi da bulala a gaban jama'a.

Rabo ya bar keken ɗinki ya ja shi bayan rumfa.

"Kai, kana nan kana sauraron shirme? Malam Ummaru na Kurfi ya kwana garin nan, ya kawo dawa. A sahun gaba ya zauna jiya."

Malam Ummaru shi ne mahaifin Sakinatu, yarinyar da Hudu yake nema, kuma yau ne kawunnansa za su je Kurfi a sa ranar aure.

"Da asuba, kafin ya koma gida, ya aika wa kawunnanka cewa su dakata," Rabo ya ce. "Bai faɗi dalili ba. Kuma motar majigin Kurfi ta nufa. Yau can za a nuna."

"Ara mani kekenka."

"Tayar baya tana saki."

"Ara mani, Rabo!"

Hanyar duk taɓo saboda ruwan jiya. Inda keke ya ƙi, Hudu ya sauka ya tura. Inda rafi ya kawo, ya ɗora shi a ka ya tsallaka. Rana ta ɗaga sosai sa'ad da ya cim ma motar majigin a wata gangara, ta kafe cikin laka, direba na ta zagin tayoyi. Ya jingine keken, ya sa kafaɗa, aka tura har ta fita.

Tukur, wanda ke yi wa jama'a bayani da lasifika in ana nuna majigi, ya zo yi masa godiya, sai ya tsaya ya ƙura masa ido. Ya tuntsure da dariya.

"Direba, zo ka ga ɓarawonmu! Wallahi shi ne! Kullum muna yawo da kai cikin gwangwani, ashe kana da jiki."

"Malam Tukur, don Allah da Annabi, a yanke wurin nan yau. Aurena ne zai lalace."

"In yanke? Wurin da jama'a suka fi so? Ai sai su kifar da motar. Ban da haka kayan gwamnati ne, ko ƙura ban isa in goge ba sai da izini."

"To ka faɗa masu wasa ne."

"Kullum ina faɗa. Wa ke ji? A Barkiya wani ya jefe ka da takalmi, ya huda mana ƙyalle. Matarsa ta biyo mu tana roƙon a mayar wa mai akuya akuyarsa."

Hudu bai jira sauran ba. Ya hau keke. Kafin Kurfi tayar baya ta saki gaba ɗaya, ya ƙarasa a kan ƙarfe, yana jin kowane dutse a haƙoransa.

Ba al'ada ba ce mai neman aure ya tunkari uban yarinya da bakinsa. Hudu ya sani. Ya tsaya ƙofar gidan ya juya zai koma, ya sake juyowa, ya yi sallama. Ya tuɓe takalma daga nesa, ya shiga zaure ya durƙusa, laka har gwiwa.

Malam Ummaru na zaune kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Ba ka da manya ne?"

"Ina da su, Baba. Abin ne ba zai jira ba. Abin da aka gani jiya, wallahi wasa ne. Bature ne ya ce in haura."

"Na san wasa ne." Malam ya aje fartanyar. "Kana ganin ni yaro ne? Na ga 'yan kama, na ga tashe. Mutum ya sa gemun auduga ya ce shi tsoho ne, kowa ya yi dariya ya tafi gida. Katangar ma na lura da ita, ko rufin ƙaya babu. Ba wannan ya hana ni barci ba."

"To mi ne ne, Baba?"

"Akuyar. Kai ka san wasa ne, Baturen ya san wasa ne. Ita akuya ba ta san wasa ba. Tun ina ɗan ƙanƙane nake kiwo, ban taɓa ganin baƙo ya ɗauki akuya daga turke ta yi shiru ba. Taka ko tari ba ta yi ba. To ko hannunka ya saba, ko kana da layar rufe bakin dabba. Ko wanne ne, ba zan ba ka ɗiyata ba."

Hudu ya ɗago kai da sauri. "Baba, ai majigin ba shi da murya! Akuyar nan ta yi kuka har Baturen ya toshe kunne. Ko mai gidan da ya fito da sanda, ba a jin shi."

"An ji shi. Da kunnena na ji yana cewa ɓarawo, ɓarawo."

"Mai lasifika ne ya yi masa."

"To don mi bai yi wa akuyar ba?"

Daga bayan tabarmar ƙofar cikin gida Hudu ya ji motsin awarwaro. Sakinatu ce, ta laɓe tana ji.

Malam ya miƙe. "Taso. Magana ba ta raba wannan."

Ya kai shi bayan gida, inda aka turke wata baƙar akuya mai karyayyen ƙaho ɗaya. Gwaggo Rekiya, ƙanwar Malam, tana surfe a gefe.

"Kwance ta, ka saɓa a kafaɗa, ka kai ta bakin zaure. Yadda ka yi a majigi."

"Yaya, wannan fa tawa ce," in ji Gwaggo. "Kuma ka san halinta."

"Shi ya sa."

Hudu ya yi bisimilla ya sunkuya. Ƙullin igiyar ya jiƙe, ya ƙi kwantuwa. Yana fama da shi akuyar ta ja baya, ta auna, ta sakar masa ƙaho a haƙarƙari. Ya faɗi zaune. Ya tashi ya rungumo ta ta ciki, ta ɓarke da wani irin kuka kamar ana yankanta, kaji suka tashi sama, jakin maƙwabta ya amsa. Ya ɗaga ta har ƙirji, ta shure shi a haɓa, igiyar ta harɗe masa ƙafa, suka zube tare cikin kwatarniyar ƙasari. Akuyar ta fizge ta yi waje da turken a bayanta.

Gwaggo ta yar da taɓarya ta bi ta a guje tana ihu. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Can cikin ɗaki wata dariya ta kuɓuce, aka danne ta da mayafi.

Malam Ummaru ya tsaya yana kallon Hudu, ƙasari na ɗiga daga hularsa. Gemun Malam ya fara rawa. Ya juya baya don kada a ga haƙoransa, ya yi gyaran murya.

"Wanga yaro ko an ba shi akuya kyauta ba ya kai ta gida," ya ce wa maƙwabtan. Sa'an nan ya juyo. "Tashi ka wanke jikinka. Ka gaya wa kawunnanka su zo jibi."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Da sharaɗi. In Allah ya ba ku dabba, Sakinatu ce za ta riƙe igiya. Kai ka tsaya nesa."

Hudu ya miƙe yana dafe da haƙarƙari, ya fita neman Gwaggo da akuyarta.