Fanka Uku a Ɗakin Kwano

Malam Ɗantani ya doka ƙofar ɗakin ɗansa da sanda sau uku, ba a amsa ba. Ya tura ta da ƙafa.

Zafi ne ya fara tarbarsa, kamar an buɗe murfin tukunya. Sai ƙara. Kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur tana ta kururuwa kamar injin markaɗe, an cire mata murfin gefe, hanjinta duk a waje. Ɗalha yana durƙushe daga shi sai singileti, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kusa da shi wani mutum ne mai tabarau da furfura a gemu, ya baje kwalaye biyu a kan tabarma.

"Kashe abin nan."

"Baba, gwaji muke yi."

"Na ce kashe. Tun hantsi. Na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba."

Ɗalha ya danna, ƙarar ta mutu. Mai tabarau ya gyara zama ya gaishe shi.

"Barka da rana, Baba. Sunana Sabo. Gyaran kwamfuta nake yi."

"Gyara ko ɓarna?"

"Sai mun gani, Baba."

Ɗantani magini ne, ɗan magini, jikan magini. Shekararsa saba'in da takwas. Daga gindin Dala har Ƙofar Mata, akwai sorayen da in ya wuce yakan gane hannunsa a jikinsu. Yanzu ba mai kiransa. Tun da sojoji suka koma bariki, sababbin kansiloli da 'yan majalisa kowa bene yake so, da tayil da gilashi mai duhu. Kuma mai zana musu waɗannan benaye a kwamfuta ba kowa ba ne illa Ɗalha, ɗan cikinsa, wanda shi da kansa ya kai makarantar boko.

Shekara uku da suka wuce Ɗalha ya rushe ɗakunan ƙasa uku na cikin gida, ya tayar da bulo, ya rufa kwano. Saura guda ɗaya: soron ƙofar gida, wanda Ɗantani ya gina tare da mahaifinsa yana ɗan shekara goma sha biyar. A nan yake wuni, a nan yake kwana. Watan jiya 'ya'yan suka taru a kansa, maza da mata. Wai soron ya tsufa. Wai manyan mutane suna zuwa wajen Ɗalha, ba daɗi su shigo ta cikin ƙasa. Wai ofis za a yi mai ƙofar gilashi. Ya bar su suka gama, ya ce, "Ku rushe." Sau ɗaya ya faɗa. Shi ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta. Leburori za su zo ranar Asabar. Yau Alhamis.

Ya juya zai fita, sai ya fasa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dogara sanda, don ya ga ƙarshen wannan shirme.

Sabo ya zaro wani abu daga cikin kwamfutar, faffaɗa kamar ƙaramin allo, da 'yar fanka a manne.

"Ka ga wannan, Baba? Katin girafik ke nan. Shi ke zana hoton gidan, da inuwarsa da fentinsa. In ya yi aiki sai ya ɗau zafi. 'Yar fankar da ya zo da ita ba ta iya masa, shi ya sa take ihu. In ya kai digiri casa'in da biyar sai ya kashe kansa."

"Ya fi wasu hankali," in ji Ɗantani.

Ɗalha ya yi kamar bai ji ba. "Malam Sabo, gobe bayan masallaci Honarabul zai zo ganin zanen gidansa. Sau biyar tana mutuwa a tsakiyar aiki. Wanne zan ɗauka?"

Sabo ya buɗe kwali na farko. Wani ƙaton ƙarfe ne mai haƙora sirara jere kamar mataji, da bututun jan ƙarfe, da fanka uku.

"Wannan fankokinsa manya ne, a hankali suke juyawa, ba sa ihu. Amma zai cinye maka wuri, kuma nauyi gare shi." Ya buɗe na biyu, mai tiyo biyu baƙaƙe. "Wannan da ruwa yake aiki. Ya fi shiru. Amma ranar da tiyo ya tsage a zafin garin nan, ka yi sallama da kwamfutar gaba ɗaya."

"Ruwa a cikin wuta?" 'Yardada ce, matar Ɗantani, ta leƙo da faifai a hannu. "Ɗalha, in ƙone mu za ka yi, ka bari in kwashe kwanukana tukuna."

"Inna, ba haka ba ne."

"Ni dai na faɗa. Wannan abin ya hana kajina kwanci."

"Sa mai fanka ukun," in ji Ɗalha.

Sabo ya ɗauki sukundireba. Ya kwance 'yar tsohuwar fankar, ya goge busasshen man da ke ƙarƙashinta da tsumma, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar gero, ya shimfiɗe shi. Ya ɗora ƙarfen, yana ɗaure kusoshin ɗaya nan ɗaya can, kaɗan-kaɗan, don kada gefe guda ya fi danna. Ɗantani ya lura da wannan. Daga nan ya daina kallon mutumin a matsayin sakarai.

Aka kunna. Gidan Honarabul ya bayyana a gilashin kwamfutar, hawa biyu, da ginshiƙai farare da ba sa ɗauke da komai. Fankokin suka fara a hankali. Ɗalha ya yi murmushi. Lambar zafi da ke kusurwa ta ce saba'in. Ta ce saba'in da tara. Tamanin da huɗu. Fankoki ukun suka haɗa baki suka ɗaga murya, yanzu ba injin markaɗe ɗaya ba, uku. Tamanin da tara.

Murmushin ya tafi.

"Malam Sabo, jabu ka kawo min?"

"Kai, Injiniya, kar ka ɓata min suna. Shekara ashirin ina sana'ar nan." Sabo ya cire tabarau ya goge gumin da ya cika su. "Kayana lafiyarsu ƙalau. Ɗakinka ne. Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi. Iskar ɗaki take ja ta hura. Iskar ɗakin nan kuwa ta gasa gurasa. Ko fanka goma na jera maka, wuta za su hura wa wuta."

"To sai na'urar sanyaya ɗaki?"

"Da wane janareta? Wannan naka na shagon aski?"

"Maimaita," in ji Ɗantani.

Suka juyo.

"Abin da ka ce game da ɗakin. Maimaita."

"Cewa na yi laifin ɗaki ne, Baba. Kwano a sama, bulo mai rami a gefe, taga tana kallon yamma. Wanda ya zana ɗakin nan..." Sai ya tuna Ɗalha ne ya zana.

Ɗantani ya nuna kwamfutar da sanda.

"Ku ɗauko ta."

"Baba, ina za a..."

"Ɗauko ta na ce!"

Ɗalha ya rungumi kwamfutar, Sabo ya ɗauki gilashin, 'Yardada ta biyo su tana jan doguwar waya tana mita. Suka ratsa tsakar gida, simintin yana ƙona tafin ƙafa, suka shiga soro.

Sabo ya tsaya cak. Ya cire hula.

Kaurin bangon a ƙasa ya kai kamu biyu. Bakunan gini huɗu, lanƙwasassu, sun taso daga kusurwoyi sun haɗu a tsakiyar rufi. 'Yar taga ɗaya ce can sama, tana kallon arewa. Daɓen ƙasa yana da sanyi kamar gindin randa. Ba komai a ciki sai buzu, da buta, da gadon kara, da akwatin katako.

"Ikon Allah," in ji Sabo. "Baba, a nan kake zaune ka bar mu muna soyuwa?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Ajiye a nan. Kar ka jingina min da bango."

Aka ɗora ta a kan akwatin katako, aka haɗa waya, aka kunna. Gidan Honarabul ya dawo. Sittin. Sittin da takwas. Saba'in da uku. Suka jira. Saba'in da huɗu. Ta koma saba'in da uku ta zauna. Fankokin suna juyawa, amma sai ka kasa kunne za ka ji su, kamar numfashin mai barci. Daga waje ana jin mai yalo yana talla.

Hoton ya ci gaba da cika, layi bayan layi, har ya kai ƙarshe bai mutu ba.

Ɗalha ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya ɗaga kai ya kalli rufin, kamar yau ya fara ganinsa. Ya zaro waya daga aljihu, ya kira ɗan kwangilar da zai kawo leburori.

"Ashafa? Ni ne. Batun aikin ranar Asabar ɗin nan, a sallami leburori. A'a, ba ɗagawa ba. An fasa. Zan yi maka bayani."

Ya kashe wayar yana murmushi, ya juyo wajen mahaifinsa kamar mai jiran a sa masa albarka.

Ɗantani ya doka sanda a ƙasa. Sai da Sabo ya zabura.

"Shekara uku!" Ya nuna Ɗalha da sanda. "Shekara uku ina gaya maka da Hausa. Na ce kwano wuta ne. Na ce kar ka juya taga yamma. Ka ce min zamani. Uwarka ta yi ƙuraje a ɗakin da ka gina mata, ba ka ji ba. 'Ya'yanka suna kwana a tsakar gida kamar awaki, ba ka gani ba. Na ce ubana ne ya ɗaura bakan nan da hannunsa, ka tara min 'yan'uwanka kuka yi min taron dangi. Yau ƙarfe ya yi gumi, ka ji!"

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Ƙarfe! Da ka ɗauko a kwali! Shi ne mai mutunci a gidan nan. Ni ban kai fanka ba."

Sabo ya sunkuyar da kai yana tattara kusoshin da ba su zube ba. Ɗalha ya durƙusa.

'Yardada ce ta yi magana, a hankali, ba da wasa ba wannan karon.

"To Malam, in abin nan a nan zai zauna, kai fa?"

Ɗalha bai ɗago ba. "Sai an sa tebur, Baba. Da kujerun baƙi. Kullum akwai masu shigowa, wasu da mata. Na ce ko... ko za ka koma ɗakina. Zan sa maka fanka."

"Uku?" in ji Ɗantani.

Ba wanda ya yi dariya.

Ya kalli kwamfutar. Ta yi ɗaiɗai a kan akwatinsa, tana shan iskar da ubansa ya tanada shekara sittin da suka wuce. Kalma ɗaya ta isa a fitar da ita. Ɗalha ba zai musa ba, zai ɗauke ta ya fita. Sannan wata biyu, ko shekara, a sake taruwa a kansa, a sake kiran Ashafa. Ko kuma a jira ranar da za a fitar da shi a makara, kafin sadakar bakwai a kawo diga. Muddin shi ne a ciki, soron tsohon ɗaki ne na tsoho. In ita ce a ciki, ba mai taɓa shi.

Ya sunkuya da ƙyar, ya naɗe buzunsa. Ɗalha ya miƙo hannu zai karɓa, ya buge hannun. Ya ɗauki buta. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ba a buga min ƙusa a bango. Ba fenti. Ba a faɗaɗa taga."

"To, Baba."

"Saura wata biyu ruwa ya sauka. Rufin yana son yaɓe, bana ban yi ba, tunda rushewa za a yi. Ka sa a kawo jar ƙasa da ciyawa ranar Asabar."

"To, Baba. Zan kira Ashafa ya turo mutum biyu."

"Ba mutum biyu." Yanzu ya juyo. Ya kalli ɗansa daga sama har ƙasa, ya tsayar da ido a kan ƙafafunsa masu laushi. "Kai za ka kwaɓa. Da ƙafarka. Ni zan zauna in gaya maka in ta yi."

Ya rataya buzun a kafaɗa, ya ratsa tsakar gida cikin rana, ya nufi ɗakin kwano.