Buhunan Gero a Kujerar Baya

Tun da damina ta kankama Surajo yake maganar a sayar da gonar shinkafa ta Bakolori, a sayi wata mota. Gonar ta uwarsa ce, Hajiya Taiba, wadda ta shekara talatin tana koyarwa a Talata Mafara. Motar da suke hawa kuwa tasa ce, ƙarama, mai ja da tayoyin gaba kawai. Sau biyu tana maƙalewa da su a hawan wani rafi bayan Dosara, in sun je gaida ƙanwar Hajiya. Abokansa sun riga sun yanke hukunci: hanyar ƙauye sai mota mai ja da tayoyi huɗu, kowa ya sani.

Hajiya ba ta yi musu ba. Ita dai ta sha jin "kowa ya sani" a kan abin da ba wanda ya tsaya ya duba. Gonar kuma ba ta son rabuwa da ita.

Ran Asabar suka je bikin suna a Dosara. Da za su taso, dangi suka yi abin da suka saba: gero buhu biyu, kabewa, jarkar man gyaɗa, duk aka danna a but ɗin motar. Surajo ya buɗe wa Hajiya ƙofar baya, don a wurinsa uwa ba ta zama kusa da direba. Hajiya kuwa Allah ya hore mata jiki.

A hawan rafin tayoyin gaba suka hau juyawa a banza, suna watsa laka.

"Kin gani ko, Inna? Wagga mota ba ta ƙauye ba ce."

Ta fito, ta tattare zanenta, ta tsaya gefe tana dubawa. Bayan motar ya kusa taɓa ƙasa, gaban ya ɗaga sama kamar akuya tana miƙa wuya ga ganye.

"Surajo, waɗanne tayoyi kac ce ke jan ta?"

"Na gaba."

"To nauyin duka ina munka aza shi?"

Ya sosa ƙeya.

"In za mu tafi lafiya lau muke wucewa, sai in muna dawowa da tsaraba. Hiddo buhunan nan ka sa su kujerar baya. Ni in koma gaba."

"Haba Inna! Mutane su gan ki gaba, gero na zaune wurin manya?"

"Geron ya gode. Buɗe min."

Ya yi yadda ta ce, yana ƙunƙuni. Motar ta yi gurnani, ta ɗan zame hagu, ta kama ƙasa, sai ga su a tudu.

Da suka kusa kwalta, Surajo ya waiwayo. "Duk da haka, mai jan huɗu ta fi ƙarfi."

"Ta fi, ɗan nan. Ran da Allah ya ba ka naka, ka saya, in sa albarka. Gonata dai tana nan inda take."

Ya yi dariya, ya sa giya. Hajiya ta sauke gilashi, ta ce gobe ya kai ta Bakolori ta ga yadda dashe ya kama.