Yatsa Biyu

…kuma ba tsayawa ba ce matsalar, Mama, na iya tsayuwa, aikina ke nan, tsayuwa a kan tsofaffin mutane daga safe har yamma. Matsalar wannan tsinken robar ne da ke hannuna. Na shan lemo, na asibiti. Da shi na auna ƙafar ɗana Matiyu yau da safe yana barci, na yanke shi daidai diddige zuwa babban yatsa, yadda kike yi mana da tsinken tsintsiya.

Shagon takalma a unguwar Fordham, nan ƙasar Turawa, waƙar Kirsimeti na ta zuba a kaina, ni kuma na ƙame a gaban farare masu igiya. Su ya ce yana so. Da Turanci ya faɗa, ɗan nema, yana jin Hausa sarai amma sai ya amsa da nasu… ya ce zai sa su ya buga ƙwallo idan ya warke. Shekararsa tara. Idan ya warke.

Nawa jajaye ne. Kin tuna? Masu maɓalli a gefe, daga kasuwar Kafanchan. Kika jera mu a tsakar gida kika auna kowa, sannan kika ɗora yatsa biyu a bakin tsinken kafin ki karya. Yatsa biyu, ko da yaushe. Na yi ta kuka wai sun yi mini yawa, kika cusa auduga a gaba, kika ce in rufe miki baki, ƙafar yaro ba ta jiran kowa. Haka na bi gida gida ina jan su, fatal fatal, shinkafa a nan, cincin a can, yara na yi mini dariya, ni kuwa ko a jikina – wa ya kai ni? Da su na kwana a ƙarƙashin zane. Kowace shekara ki rage audugar, har ranar da suka fara matse ni, kika yi guɗa kamar an yi haihuwa.

Ke ba ki taɓa tambaya ba ko za mu kai. Kin dai ƙara kawai. Daga ina kika samo wannan ƙarfin halin? Ko kin tafi da shi kabari ne ba ki bar mini ko kaɗan ba?

Likitar ta zaunar da ni jiya. Da zarar sun ce ka zauna, ka san sauran. Maganin ya daina aiki, cutar jinin ta dawo, a kai shi gida ya yi Kirsimeti cikin nasa – cikin nasa! Wane nasa? Ni ce kaɗai nasa, a hawa na biyar a unguwar Highbridge, matakalar da ba zai iya taka ko ɗaya ba. Na gyaɗa kai. Har godiya na yi mata, Mama, kin ji sakarci? Tsoro nake ji. Tsoron da ban taɓa ji ba, har cikin haƙorana.

Ga Abena tana tahowa, maƙwabciyata, a nan take aiki. Ban gaya mata ba. Ban gaya wa fasto ba, ban gaya wa matan zumunta ba, in na faɗa da bakina ya zama ke nan. Ta karɓi tsinken tana dariya, wai ashe mu ma haka muke yi, su da zare ake auna su a Kumasi. Ta gwada a ƙasan wani, ta gwada a wani, ta dawo da kwali biyu.

“Maman Matiyu, wannan daidai shi ne. Amma ki ɗauki babban, yaran nan kafin summer ƙafa ta wuce.”

Kafin summer, kafin bazara ke nan…

In na ɗauki daidai, na yarda da likita ke nan. Na sa hannu, ni uwarsa, da kaina. In na ɗauki babban, zai sa, ƙafar ta yi ta yawo a ciki, ƙafar nan da ta rame har ina zagaye ta da yatsuna – zai dube ni, yaron ba wawa ba ne, ya riga ya daina tambayata yaushe zai koma makaranta. Ko sau ɗaya bai cancanci takalmin da ya zauna masa ba? Sau ɗaya tak? Amma wace uwa ce ke saya wa ɗanta daidai? Wace uwa?

Akwai auduga a jakata, ta wanke masa hannu bayan allura. Ban san lokacin da na zuba ta ba.

Mama, ki yi magana mana. Ke da ba kya rasa ta cewa.

Abena na jira, kwali a kowane hannu, murmushinta ya fara dushewa. Ta riga ta ajiye tsinken a kan benci. Na ɗora yatsa biyu a bakinsa… na kasa ɗagawa, na kuma kasa cewa ta naɗe.